Tsohuwar Littafi Da Tsohuwar Majigi

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu maƙwabtan da muka ci tuwo a ƙwarya ɗaya sai in yi ta lalube ban kamo ba. Amma yammacin da motar majigi ta kawo labarin ɗan littafina Kontagora, wannan kam ba zai bar raina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. In na ji jikokina suna musu a tsakar gida, wannan ya ce fim ɗin ya fi littafin daɗi, waccan ta ce ina, ai an yanke rabin labarin, sai in yi kamar ban ji ba. Su hira suke yi. Ni irin wannan musun ya taɓa raba ni da mutum.

Zamanin Turawa ne, ina 'yar shekara goma sha tara ko ashirin. Daga Bangi aure ya kawo ni, ba ni da uwa ba ni da ya a garin. Maigidana aikin hanya yake yi, sai ya yi mako biyu can wajen Zugurma bai leƙo gida ba. Haihuwata ta fari mace ce, wata huɗu ta yi, gudawa ta ɗauke ta a cikin kwana biyu. Saboda haka da Allah ya ba ni na biyu, namiji, sai na zama abin tausayi. In ya yi barci in sa yatsa a hancinsa. In ya yi kuka in tsorata, in ya yi shiru in fi tsorata.

Wadda ta riƙe ni a wannan hali wata tsohuwa ce da danga kawai ta raba mu. Mutuniyar wajen Rijau ce, Dukanci ne harshenta, Hausar tata da ɗan gargada amma ba abin da ba ta iya faɗa da ita, har zagi. Tana zaune a gidan ɗan ƙaninta, aikinta ungozomanci. Rabin yaran unguwarmu ita ta yanke musu cibiya, har da nawa. Iya muke ce mata. Ba ta ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa take ɗora ƙwaryarta, kuma lofen taba ba ya barin bakinta sai in za ta taɓa jariri. Nan kam sai ta ajiye shi can nesa, ta wanke hannu har gwiwar hannu. Kullum da hantsi za ta zagayo ta yi wa yaron wanka, tun daga bakin ƙofa take fara yi masa tsiya.

"Ina maigidana? Yau ma bai je gona ba? Kai, na auri malalaci."

Ta ɗaga shi sama ta jujjuya, ta latsa cikinsa, ta leƙa bakinsa, sannan ta dube ni ta ce, "Lafiyarsa lau. Ke ce ba ki da lafiya. Je ki ci abinci." Wannan maganar tata ita ce maganina. In ta faɗe ta, sai in samu natsuwar yinin ranar.

To a lokacin an fara koya wa mata karatun boko. Matar wani malamin makaranta ce take tara mu a tsakar gidanta bayan azahar, Malama muke kiranta. Wata biyar na yi ina zuwa, karatuna ke nan duka a duniya. Da ta ga na fara haɗa baƙi, sai ta ba ni wani ɗan littafi mai shuɗin bango, sirit da shi, bai kai kaurin faifai ba. Amma ni wata biyu na yi a kansa, ina bin layi da yatsa.

Labarin wata yarinya ce mai goyo a ƙauye, ɗanta ya kamu da ciwon ciki a tsakiyar damina. Tsofaffi biyu ne a cikinsa. Ɗaya mai sayar da jiƙe-jiƙe ce, ita ta hana a kai yaron asibiti don kada kasuwarta ta mutu. Ɗayar ungozoma ce. Ita ta sa aka riƙa tafasa ruwan shan yaron, ta zauna da uwar tana kwantar mata da hankali, kuma da ta ga abin ya fi ƙarfinta, ba ta yi girman kai ba, ta goya yaron a bayanta ta ratsa kogi da shi, ruwa iya ƙirji, ta kai shi asibiti. Yaron ya rayu.

Ba ni kaɗai na karanta shi ba. Ban iya karatun zuci ba a lokacin, sai na ɗaga murya, Iya kuwa tana zaune a gindin danga tana busa lofenta. Tun tana yi mini dariyar in'ina har ta fara matsowa. In mai jiƙe-jiƙe ta yi magana sai ta yi tsaki. In ungozoma ta yi wani abu sai ta gyaɗa kai ta ce, "Wannan ta san aiki." Ranar da muka kai wurin kogin, cire lofen ta yi daga baki.

"Yarinya, wa ya ba mai takardar nan labarina?"

Na ce, "Iya, ai ba ke ba ce."

"Ni ce mana. Kin san kogi nawa na ratsa da 'ya'yan mutane? Koma baya ki sake."

Sau nawa na sake mata wurin nan, Allah kaɗai ya sani. Littafin bai faɗi kamannin ungozomar ba, bai ce doguwa ce ko gajera ba. Saboda haka ni ma fuskar Iya na sa mata, ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Bayan an fara girbi sai mai shela ya zaga gari, ya ce motar majigi ta zo, za a nuna bayan magariba a filin bayan kasuwa. Malama ta aiko mini cewa in yi ƙoƙari in je, labarin littafin nan ne aka mayar hoto. Da na gaya wa Iya, sai ka ce an yi mata albishir da aure. Ta ciro baƙin zanenta na saƙi da ba ta ɗaurawa sai ranar suna. Ta bi gida-gida tana cewa matan unguwa, "Ku fito ku ga aikinmu. Yau Bature da kansa zai nuna muku." Maigidana ba ya gari, amma dama ba ya hana ni irin wannan, na goya yaron muka tafi.

Ban taɓa ganin majigi ba sai ran nan. An kafa farin ƙyalle a kan itatuwa biyu, inji yana ruri a bayan mota, maza gefe guda mata gefe guda. Hotunan ba sa magana da Hausa. Wani mutum ne yake tsaye kusa da motar da abin magana a hannu, shi yake bayani, muryarsa tana fitowa ta lasifika. Aka fara da noman auduga, sannan aka zo kan namu.

Zan faɗi gaskiya, da farko majigin ya yi abin da littafin bai iya ba. Littafin ya ce ƙuda yana kawo cuta, na karanta na wuce, ban ji komai ba. A ƙyallen nan kuwa sai ga ƙuda ya kai girman akuya, yana murza ƙafafunsa masu gashi a kan tuwo. Mata suka yi ta tofar da yawu. Tun daga ranar ban ƙara barin abinci a buɗe ba, har yau. Kuma yarinyar da na daɗe ina ji a takarda, ga ta tana tafiya, tana share hawaye da bakin zane. Har na ji ina sonta.

Sai ga tsohuwa ta shigo cikin hoton. Ƙwarya a kafaɗa, lofe a baki. Iya ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ce a hankali, "Ga ni nan."

Mai bayani ya gyara murya. "To jama'a, ga gwanar ta iso. Ita ce ungozoma, ita ce likita, ita ce mai aika yara lahira ba tare da sun sha wahalar girma ba."

Fili ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba, na ce a raina wannan ai mai jiƙe-jiƙen ce ya kira ungozoma bisa kuskure, ta kirkin tana tafe. Tsohuwar ta tsoma hannu da datti a ƙwarya, ta ɗura wa yaron wani baƙin ruwa. Uwar ta ɗauko mayafi za ta asibiti, tsohuwar ta tare ƙofa. Ina ta jiran tsohuwa ta biyu. Ina ta jiran kogi. Babu tsohuwa ta biyu, babu kogi. A maimakonsu sai aka kawo wata maƙwabciya da ba ta cikin littafin sam, mai tsabta, ta kai nata ɗan asibiti ya yi ɓul-ɓul. Sannan aka komo kan yaron farko. Fuskarsa ta cika ƙyallen, faɗinta ya kai bangon ɗaki, idanunsa suka lumshe a hankali, hannunsa ya saki.

Haka 'yata ta yi. Haka hannunta ya saki. Ban san lokacin da na kwance goyona na rungume shi a ƙirji ba, har ya farka ya fara kuka.

Abin da jikokina ba za su gane ba shi ne, ni ban san wasa ba ne. Na ɗauka da gaske yaro ya mutu, Bature yana tsaye da na'urarsa ya ɗauka. Mutane ne da ransu, suna ƙifta ido, iska tana kaɗa zanensu. Ta yaya za a ce wannan ƙarya ne, baƙaƙen da nake tuntuɓe a kansu su ne gaskiya?

Hasken yana mutuwa, mata suka fara waiwaye. Akwai matar wani mahauci a bayanmu, mace mai baki, tana da tsohon ciki a lokacin. Ta taɓa kafaɗata.

"Ke mai karatu. An ce kin karanta takardar. Haka yake a ciki?"

Duk waɗanda ke kusa suka zuba mini ido. Iya ma ta juyo tana dubana. Ba ta tsorata ba, wannan shi ne abin da ya fi cin raina har yau. Jira kawai take in buɗe baki in gyara zancen, kamar yadda kake jiran ɗanka ya miƙo maka ruwa. Magana ɗaya ce. In ce a'a, tsofaffi biyu ne, ungozomar ita ta ceci yaron. Amma fuskar yaron nan tana cikin idona, nawa yana kuka a hannuna, ga lofe, ga ƙwarya a kafaɗa.

Na ce, "Kusan haka yake."

Matar mahauci ta ce, "To, kun ji." Ta ja zanenta ta matsa daga kusa da Iya.

Muka komo gida, Iya tana gaba ina baya.

Washegari da hantsi na ji tafiyarta. Na shige ɗaki da yaron na saki asabari. Ta tsaya a tsakar gida, yau babu tsiya.

"Kawo shi, ruwa zai huce."

Na ce, "Barci yake, Iya."

"Barci. Ina jin muryarsa." Sannan ta ce, "Yarinya, ke kika karanta mini da bakinki. Ina kogin ya tafi?"

Na ce daga cikin ɗaki, ko fitowa ban yi ba, "Iya, takarda mutum ne ya zauna ya rubuta abin da ya ga dama. Wancan kuwa da idona na gani."

Ta ce, "Ni ma da idonki kika gan ni."

Na ji ta zubar da ruwan a gindin danga, ta fita. Ba ta ƙara zagayowa ba, ni ma ban kira ta ba.

Daga nan abu ya lalace mata. Yara suka riƙa binta suna kwaikwayon muryar mai bayani. Dama ita ba salla take yi ba, abin da shekara da shekaru bai dami kowa ba, yanzu sai aka tuna. Matar mahauci ta haihu, aka tsallake gidan Iya aka ɗauko wata daga wata unguwa. Wadda ta biyo baya ma haka. Ungozoma kuwa da haihuwa take ci, ɗan hatsi da sabulu da naman suna da ake ba ta su ne abincinta. Kuma duk inda aka tayar da zancen, sai a ce, ai har yarinyar da ta yi karatu ta tabbatar. Ina ji ana jingina ƙaryar a jikina, ina shiru.

Da maigidana ya dawo ya ga ni nake yi wa yaron wanka, ya tambaye ni ina Iya. Na gaya masa. Ya daɗe yana kallona.

"Matar da ta kwana uku a kanki kina naƙuda? Saboda hoto a jikin ƙyalle?"

Na ce ai bai gani ba ne. Ya ce, "Allah ya kyauta," ya ɗauki butarsa.

Kafin a gama kai amfanin gona gida, Iya ta haɗa kayanta. Ta cikin danga ina jin ƙarar ƙorai, ina jin ɗan ƙaninta yana ba ta haƙuri da harshensu. Na tashi zan fita, na koma na zauna. Na sake tashi, kunya ta mayar da ni. Da na leƙa, fatake masu jakuna da za ta bi zuwa Rijau sun riga sun sha kwana.

Bayan tafiyarta da kamar mako biyu na koma wurin Malama, don dama tun ranar majigi na daina zuwa. Ita ta fara tambayata yadda na ga hoton. Na ce yaron da ya mutu ne ya hana ni sakat. Ta dube ni kamar za ta yi dariya, sai ta fasa.

"Wane yaro? Barci yake yi. Duk shiri ne, 'yar'uwa. Ita ma tsohuwar, ce mata aka yi ta yi kaza, ta yi."

Na ce, "To ungozomar littafin fa?"

Ta ce ita ma abin bai yi mata daɗi ba. A ganinta, majigi ba shi da lokacin da littafi yake da shi, kafin mutane su gaji dole a gama, shi ya sa suka haɗe tsofaffin biyu suka zama ɗaya. Kuma so suke a tsorata a riƙa zuwa asibiti, yaron da ya rayu kuwa ba ya tsorata kowa. Ƙwarya a kafaɗa da lofe, wataƙila irin matar da suka samu ke nan a inda suka ɗauki hoton. Ita a wurinta ɗan gyare-gyare ne. Ba ta san abin da gyaran ya yi a unguwarmu ba sai da na fashe mata da kuka.

Ina zuwa gida na ciro littafin daga ƙarƙashin tabarma, na buɗe wurin kogin. Komai yana nan yadda na bar shi. Har na ga wani abu da a da nake wucewa da sauri don in kai ga ruwan. Kafin ungozomar ta sa ƙafa a kogin, littafin ya faɗi abin da ke zuciyarta: ta san in yaron ya cika a bayanta, ita za a ce ta kashe shi, ba wanda zai tuna yaran da ta raya, amma duk da haka ta shiga. Wannan ba abu ne da ƙyalle zai nuna ba. Ƙyalle yana nuna hannu da datti, ba ya nuna abin da mutum ya ƙulla a ransa. Kuma majigi gudu yake, ba ya tsayawa ka ce koma baya ka sake. Ya zo ya zuba mana abin da ya zuba, da safe motar ta wuce wani gari.

Na ɗauki littafin na tafi bakin rijiya lokacin da mata suka fi taruwa. Na tsaya na karanta musu, ina in'ina, gumi yana karyo mini. Na ce ƙarya na yi ran nan, tsofaffi biyu ne. Wasu suka saurara, wasu suka ci gaba da jan guga. Matar mahauci ta gyara goyonta ta ce, "To me ya hana ki faɗa tun a filin? Mu dai abin da muka gani muka gani." A filin, kalma uku ta isa. A bakin rijiya na karanta shafi huɗu bai ɗaga komai ba.

Akwai wani mai fataucin dawa da yake zuwa kasuwar Rijau, na roƙi maigidana ya haɗa ni da shi. Na ce ya nemi Iya, ya ce mata na koma takardar, kogin yana nan, ta yafe mini. Ya yi wata guda kafin ya dawo. Ya ce ya same ta, ta rame amma tana tafiya da ƙafarta. Ya isar da saƙon, ta saurara har ƙarshe.

Na ce, "Me ta ce?"

"Cewa ta yi in tambaye ki, yaron ya fitar da haƙori? In ya fara, wai kada ki tsorata da zawon, ki dai tafasa ruwa. In ya wuce kwana biyu ki kai shi asibiti."

"Shi ke nan? Ba ta ce ta yafe ba?"

"Abin da ta ce ke nan."

Na ƙudura in rani ya yi zan je da kaina in durƙusa mata. Rani ya yi, ina da wani cikin, aka ce in bari in sauka. Da damina ta faɗi, ɗan ƙaninta ya zo ya yi mana sallama daga bakin ƙofa, ya ce Iya ta rasu. Ɗan nawa da ta yanke wa cibiya yanzu shi ma yana da furfura, bai san fuskarta ba.

Ban riƙe masu majigi a zuciya ba, ko mai bayanin da ya nemi a yi dariya. Su labari suka taƙaita, ba su san akwai wata Iya a Kontagora da ta ɗaura zanen suna ta zo kallon kanta ba. Ni na sani. A duk matan da ke zaune a gefenmu, ni kaɗai na san abin da aka yanke, kuma ni aka tambaya. Abin da na koya shi ne, abin da aka nuna maka da girma da haske ba lalle ne ya fi wanda ka bi da yatsa a hankali gaskiya ba, wani ne ya zaɓi abin da zai sa a ciki da abin da zai zubar. In kuwa Allah ya sa kai ka san abin da aka zubar, kuma mutuncin wani yana cikinsa, to ka faɗa a lokacin da aka tambaye ka, mai shi yana zaune kusa da kai yana ji. Ni na faɗa, amma sai da ta tafi.